Majami'ar da Maginan Zazzau Suka Gina

A Wusasa, yamma da ganuwar Zariya, daf da duwatsun Kufena, akwai wani ginin tubali da aka ɗora a 1929. Baƙon da ya hango shi daga nesa zai iya ɗauka soron wani basarake ne, ko kuwa tsohon masallacin unguwa. Sai ya matso ya ga gicciye sannan zai gane majami'a ce. Sunanta St. Bartholomew, ta ɗarikar Angilika, tana kuma cikin tsofaffin majami'un da suka rage a tsaye a ƙasar Hausa. Ta kusa cika shekara ɗari. A tsawon wannan zamani Kiristocin Arewa sun gina dubban ɗakunan sujada, daga Sakkwato har Mubi, amma da wuya a nuna wanda ya bi sawunta. Abin ya daɗe yana damuna, domin a ganina ginin majami'a yana faɗin yadda masu sujada a cikinsa suke zaune da junansu da kuma maƙwabtansu, wani lokaci ma ya fi wa'azi faɗin gaskiya.

Yadda aka yi ta tsaya a wurin labari ne mai tsawo. A 1900 wata 'yar tawagar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta taka har Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus a wurin fatake da mahajjata. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari, suka dawo suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau. Bayan Turawan mulki sun ci ƙasar, Miller ya samu wuri a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Jama'arsa ba su da yawa, sai a 1913 wasu mutane suka zo nemansa daga gabashin Zazzau. Su ne Isawa, almajiran almajiran wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda ya dage kan matsayin Annabi Isa a cikin karatunsa har aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19, mabiyansa suka watse wajen Ningi da ƙauyukan da ke tsakani. Wasu daga cikinsu suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya shiga garin ya ci mutane da yawa cikin 'yan shekaru. Da zaman mishan a cikin ganuwa ya zama abin ƙorafi ga masarauta da Turawan mulki, sai aka ba su fili a waje. Haka aka koma Wusasa a 1929.

Abin lura shi ne su wane ne suka zauna a wurin. Hausawa ne da Fulani da wasu 'yan Arewa, masu babbar riga da hula, waɗanda da Hausa suke mafarki. A cikin wannan 'yar jama'a aka samu Dakta Barau Dikko, likitan boko na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Nan Farfesa Ishaya Audu ya yi makaranta, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Nan Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, shi ma ɗan wannan jama'a ne. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito gaba ɗaya da Hausa a 1932, Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Mutanen da ke karanta Nassi da Hausa, suna addu'a da Hausa, me zai sa su je neman fasalin ɗakin sujada a Ingila? Maginan ƙasar aka kira, suka gina abin da suka iya.

Abin da suka iya kuwa ba ƙarami ba ne. Zazzau ce garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, ginin da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo har yau, har aka yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Sana'ar gado ce, tana da Sarkin Magina, tana da sirrinta. Ana haƙo ƙasa mai kyau, a jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a gauraya da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Bango yakan fara da kauri a ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Wuyar aikin tana wajen rufi. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma in faɗin ɗaki ya wuce kusan mita 2, azara ɗaya ba za ta ɗauki nauyin ƙasar da za a zuba a kanta ba. Don haka magina suka ƙware a ɗaurin baka. Ana dasa azara a cikin bango, a ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, a ɗaure da igiya, a ƙara wata, haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Da haka ake samun ɗaki mai faɗi wanda ba ginshiƙi a tsakiyarsa. A sama a shimfiɗa azara da zana, a zuba ƙasa, a shafe da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Bango a shafe shi da makuba daga kwasfar ɗorawa. Indararo ya kwashe ruwan sama ya jefar nesa da gindin gini.

A masallaci da fada aka goge wannan ilimi, a can aka fi bukatar babban ɗaki. Ke nan hannun da ya koyi ɗaurin baka domin sahun masallata shi ne ya ɗaura ta domin masu karɓar Jibin Ubangiji. Ban ga abin kunya a nan ba ga kowane ɓangare. Mai shiga irin wannan ɗaki da azahar a watan Afrilu ya san amfaninsa tun kafin a yi masa bayani: zafin rana ba ya ratsa bangon sai dare ya yi, sa'ad da ake bukatar ɗumin. Murya kuma tana zama a cikinsa, ba ta amsa-kuwwa tana komowa. Tsoho mai raunin murya zai iya karanta Zabura na baya su ji shi.

Wanda ya san tarihin ikilisiya ba zai ga Wusasa a matsayin abin mamaki ba. Kiristocin farko a gidaje suke taruwa, kuma majami'a mafi tsufa da aka tono, a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, gidan zama ce da aka gyara wajen shekara ta 240. Bayan Sarkin Rum Kustantin ya ba addinin 'yanci a 313, sai aka ari fasalin dogon zauren da Rumawa ke shari'a da taro a ciki. Habashawa suka sassaƙa nasu a cikin dutse a Lalibela, a ƙauyukansu kuma suka yi majami'u masu kewaye da rufin ciyawa, a tuɓe takalmi a ƙofa kafin a shiga. A Nubiya ta Sudan, babbar majami'ar Faras da masana daga Foland suka tono a farkon shekarun 1960, kafin ruwan dam ɗin Aswan ya shanye wurin, da dutse da bulon ƙasar aka gina ta, zanen bangonta yana Khartum da Warso yanzu. Doguwar hasumiya mai tsini da tagogi masu gilashi kala-kala, wanda da yawa cikinmu ke ɗauka shi ne kamannin coci, ginin Turai ne mai sanyi da ƙarancin rana, inda ake son haske ya shigo da yawa, rufi kuma ya zubar da ƙanƙara.

Wusasa gari ne na mishan, yana da asibiti da makaranta. Yawancin majami'un Arewa ba haka suka fara ba. A Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, a gindin tsamiya aka yi sujadar farko ta abin da ya zama Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Haka labarin yake a wuraren 'yan mishan na SIM, waɗanda suka kafu a Patigi a 1902 suka haifi ikilisiyar ECWA a 1954, da na SUM da suka fara a Wase a 1904, da 'yan Denmak a Numan a 1913, da Katolika a Shendam a 1907. Daga inuwar itace a koma rumfa, daga rumfa a koma ɗakin ƙasa mai jinka. A irin wannan ɗaki na fara sujada, kamar yawancin sa'o'ina da suka tashi a ƙauyukan kudancin Zazzau da Filato. Wurin zama dakali ne na ƙasa a jere, ko gungumen itace, maza a hannu ɗaya, mata a ɗayan, yara a gaba inda idon dattijo zai kai gare su. Bagadi tebur ne da farin ƙyalle. Ƙararrawa kuwa tsohon ƙarfen tayar babbar mota ne, ko guntun ƙarfen dogo, a rataye a reshe, mai bishara ya buga shi da asuba gari duka ya ji. 'Yan Zumuntar Mata su shigo da tulu da shantu da caki, a ɗauki waƙa daga Littafin Waƙoƙi, wanda bai iya karatu ba ya riga ya haddace.

Ba wanda aka biya ya gina waɗannan ɗakuna. Bayan kaka, in an shigar da hatsi, dattawan ikilisiya su sa rana. Samari su haƙa ƙasa su tattaka, mata su yi ta jigilar ruwa daga rafi, tsofaffi su yanko ciyawa su zauna suna saƙa ta, 'yan mata su dama kunu. Ranar ɗora jinka kowa sai ya fito, har maƙwabcin da ba ya shiga coci, domin karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a wurin ba magana ce kawai ba, nauyi ne na gaske da ake jin sa a kafaɗa. Gwauruwar da ba ta da ko anini ta kawo tulu goma na ruwa, ta koma gida ta san tana da rabo a ginin daidai da na kowa. Kuma aikin ba ya ƙarewa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an toshe inda ya tsage, an sabunta ciyawa. Mutum biyu da suka yi faɗa kan iyakar gona dole su tsaya a rami ɗaya suna tattaka ƙasa. Na sha ganin an shirya a bakin rami abin da ya gagari zaman dattawa.

Akwai wani layin dabam da ya taso tare da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, ya kawo akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo da Gwalkwas. Turawan mulki, waɗanda suka yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, suka ware wa baƙin unguwa a bayan ganuwa, aka kira ta Sabon Gari. Majami'un da aka gina a can kwafin na Legas da Onica ne, su ma kwafin na Ingila da Ailan: dogon ɗaki, hasumiya a gaba, taga mai tsini, benci na katako, rufin kwano da jirgi ya kawo. Masu ginin ba su yi laifi ba, abin da suka sani suka gina, kuma wasu daga cikin gine-ginen suna da kyau ƙwarai. Sai dai ga ɗan birni, wanda bai taɓa zuwa Wusasa ko Garkida ba, wannan ne ya zama kamannin coci: abu na baƙi, a unguwar baƙi, da harshen baƙi. Tsarin Turawa ne ya raba mazaunin, amma ginin ya taimaka wajen tabbatar da rabuwar a idon mutane. Har yau Bahaushe Kirista, daga Masihiyawan Kano da Katsina har na Maraɗi, yana fama da tambayar ko shi ɗan ina ne.

Daga shekarun 1960 zuwa na 1970 kwano ya ci ƙauye ma. Dole in yi wa iyayenmu adalci a nan, don suna da hujja. Jinka tana kama wuta, tana tara ɓera da maciji. Soron ƙasa in aka yi sakaci da shi damina ɗaya, sai ya yi yoyo, in ya jiƙe ya yi nauyi ya rufto. Jama'a kuma ta ƙaru fiye da zato, musamman bayan aikin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya ratsa ƙauyuka, ɗakin da ke ɗaukar mutum hamsin ya kasa. Samarin da ke tattaka ƙasa sun tafi makaranta da aikin soja da na gwamnati, suna aiko da kuɗi maimakon ƙarfi. Kuɗin mai ya shigo, siminti ya wadata. Ga kuma maganar mutunci, wadda ba a raina ta: mutanen da aka daɗe ana kallon su a matsayin na baya suna so a hango kwanon majami'arsu yana walƙiya daga kan hanya. Masallatai ma hanyar da suka bi ke nan. Masallacin Babban Gwani kansa an kewaye shi da sabon gini na siminti a shekarun 1970, kuma ruftawar wani sashensa a watan Agusta 2023, wadda ta ci rayukan masallata, ta tuna wa kowa cewa tsohon gini amana ne mai bukatar ido kullum.

Duk da haka an yi asara, kuma ba ta kyan gani kaɗai ba ce. Da aka koma bulo da rodi, sai gini ya fita daga hannun jama'a ya koma hannun kwamitin gini da ɗan kwangila. Gayya ta zama lancin. A kafa rumfa, a gayyato babban baƙo daga Kaduna ko Abuja, a riƙa kiran suna da adadi a lasifika, a tafa wa mai buhu ɗari na siminti. Gwauruwar nan mai tulu goma tana zaune a baya da 'yan canjinta a ƙulle a bakin zane, ba wanda zai kira sunanta. Ba a kore ta ba, amma an canja ma'aunin bayarwa zuwa abin da ba ta da shi. Daga nan kujerun gaba suka fara samun masu su. Sannan ga ginin da ba ya ƙarewa. Da wuya ka ratsa gari a Arewa ba ka ga majami'ar da ta kai linta ta tsaya ba, rodi a tsaye yana tsatsa, ana sujada a ciki shekara da shekaru ana baiko na biyu domin rufi. An zana abin da ya fi ƙarfin aljihun jama'a, domin ɗarikar da ke tsallaken titi ta yi bene. Fasto da ya kamata ya yi ta ziyarar marasa lafiya ya zama mai bin farashin kwano.

Ɗakin kansa ma ya canja yadda ake sujada. Bulo mai rami da kwano marar silin suna mai da majami'a tanda tun ƙarfe goma na safe, sai fanka, fanka kuma sai janareto, janareto sai mai. In ruwan sama ya sauko a kan kwano, mai wa'azi yakan rufe littafi a ɗauki waƙa har ya tsagaita, don ba mai jin kowa. Bango mai santsi da daɓen tayil suna mayar da murya, sai aka kawo lasifika, lasifika ta kawo gasa, aka juya bakinta waje. Tulu da shantu ba sa iya ja da jita da gangunan Turawa da aka haɗa da amfilifaya, sai suka koma na ranar mata kaɗai. A unguwannin da coci da masallaci ke fuskantar juna, wannan ƙarar ta ɓata zumunci fiye da yadda shugabanni ke yarda su faɗa, kuma kowane ɓangare yana da nasa kason laifin.

Sai katanga. Majami'un da na sani a yarinta ba su da shinge, awaki na kwana a inuwarsu, hanyar rijiya ta bi ta gabansu. A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, aka yi asarar rayuka da masallatai a can, ramuwa ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u fiye da 100 cikin 'yan kwanaki. Rikicin Kaduna na 2000 ya raba garin gida biyu, kogi a tsakani, majami'u da masallatai da yawa suka wayi gari a unguwar da masu su suka bari. Sannan bom ya zo. Ranar Kirsimeti ta 2011 aka kai wa majami'ar St. Theresa ta Madalla hari. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 aka tayar da bom a babbar majami'ar Katolika ta Sabon Garin Zariya, da wata ta ECWA a Wusasa, da wata a Kaduna. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar 'Yan'uwa a Kwarhi, ikilisiyar da ta fara a gindin tsamiya ta ga an ƙone ɗakunan sujadarta bila adadin a Borno da Adamawa. A watan Nuwamban shekarar ne kuma aka kashe masallata sama da 100 a babban masallacin Kano.

Tun daga nan majami'a ta ɗauki kamannin bariki. Doguwar katanga, waya mai ƙaya a samanta, ƙofar ƙarfe, durom-durom cike da kankare a bakin titi, mota ta tsaya can nesa. Matasan Birged, waɗanda aikinsu a da fareti ne da busa ƙaho ranar biki, suka koma tsayuwa a ƙofa da na'urar bincike. An yi lokacin da aka hana mata shiga da jaka. Ba zan ce wa kowa ya rushe katangarsa ba. Wanda ya kwashi gawar ɗansa a harabar coci ba ya bukatar wani marubuci ya koya masa amfanin buɗaɗɗiyar ƙofa. Amma ina so a san abin da katangar ta ci. A da in ana ɗaurin aure, maƙwabta Musulmi sukan zo su zauna a benci na baya, ko su tsaya a bakin taga su ga amarya, yaransu su bi jerin gwanon Kirsimeti har gidan da ake rabon shinkafa, kamar yadda mu ma muke jiran naman layya. Yaron da ya leƙa taga ya ga ba abin da ake yi a ciki sai waƙa da karatu da addu'a, da wuya a zo daga baya a gaya masa ƙarya ya yarda. Yanzu an yi zuriya guda a ɓangarorin biyu da ba ta taɓa ganin cikin ɗakin ibadar maƙwabcinta ba, abin da ta sani sai wanda ta ji a waya.

A manyan birane kuma wani fasali ya shigo daga Kudu da Amurka. Faith Tabernacle da aka buɗe a Ota a 1999 tana ɗaukar mutum 50,000, Glory Dome ta Abuja da aka buɗe a 2018 an gina ta domin 100,000. Waɗannan manyan zaurukan taro ne, dandamali ya maye gurbin bagadi, allon majigi ya maye gurbin littafin waƙa. Ƙananan majami'u na kwaikwayon su gwargwadon hali, a shago ko a tsohon sito. Tsofaffin ɗariku ma sun bi. Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne makomar sujadar Hausa. A wurare da yawa sabon babban ginin na sashen Turanci ne, sashen Hausa kuwa a ba shi sassafe, ko a bar masa tsohon ɗakin da ke gefe, tare da tsofaffi da masu gadi da 'yan gudun hijira. Harshen da aka yi wa iyayenmu baftisma da shi, wanda ya haɗa Bajju da Berom da Bura da Tangale a benci ɗaya har aka kafa tarayyar ikilisiyoyi irin TEKAN a 1955, yana komawa na talakan ikilisiya.

Ba ina kiran a koma jinka ba ne. Ƙasa ma ta samu sabon ilimi. A Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018, tsohon masallacin ƙasa kuma ba a rushe shi ba, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, tare da maginan wurin. Francis Kéré na Burkina Faso ya ci babbar lambar masu tsara gini ta duniya, Pritzker, a 2022, da gine-ginen da suka fara daga makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando, inda ya ɗaga kwano sama da rufin bulo don iska ta ratsa. Irin wannan bulo yana jure ruwa in an yi masa tushe mai kyau da rufi mai baki, yana rage siminti, ba ya bukatar fanka sosai, kuma jama'a za su iya buga shi da hannunsu a filin coci ranar Asabar. Sashen koyar da tsara gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, tafiyar 'yan mintoci daga Wusasa, kuma 'ya'yan ikilisiya da yawa sun yi karatu a can. In sun zo kwamitin gini, hoton wata majami'ar Legas ake miƙa musu a ce ita ake so.

Roƙona ga dattawan ikilisiya ƙarami ne. Inda tsohon ɗakin ƙasa ya rage, kada a rushe shi don a samu wurin ajiye motoci. A bar wa makarantar Lahadi da addu'ar asuba, a sa masa ranar yaɓe a kalandar shekara kamar yadda ake sa ranar godiyar kaka, a nemo tsohon magini a unguwar magina, ko Musulmi ne ko Kirista, a biya shi da kyau, a sa matasa su tsaya a bayansa su ga yadda ake ɗaura baka. Masu wannan ilimi sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo don a nan abinci yake. Azara ma tana wuya. Daga namijin giginya da ya ƙosa ake tsaga mai kyau, giginya kuwa tana cin shekaru masu yawa kafin ta kai, an sare na kusa da gari, kuma 'yan muruci suna tone ƙwallon tun bai zama itace ba. Majami'u da yawa na ƙauye suna da fili a bayansu da ba a komai da shi, wanda zai ɗauki giginya ashirin ko talatin.